Wejin Saura-Ƙiris

A bayan garinmu akwai wani dutse mai girman ɗaki, yana zaune a kan wani falalen dutse, kuma inda ya ɗora gindinsa bai fi faɗin faranti ba. In ka tura shi da tafin hannu ɗaya sai ya sunkuya a hankali, ya yi wata ƙara "gurrum" daga ƙasa, ya dawo, ya sake sunkuyawa, kamar dattijo yana amsa gaisuwa. Ƙarti ashirin sun taɓa taruwa suka tura shi, bai yi musu fiye da abin da yake yi wa mai hannu ɗaya ba. Rausayau muke ce masa. Ni mai hoto ne, shekarata goma sha ɗaya ina ɗaukar baƙi suna tura shi suna washe baki. Saboda haka abin da zan faɗa a gabana aka yi, ɗan abin da ban gani ba kuma mai shi ya faɗa mini da bakinsa ya fi sau ashirin.

Mai shi ɗin kafinta ne. Shi Injiniya yake kiran kansa, mu kuwa Saura-Ƙiris muke kiransa, don duk teburin da ya fito daga hannunsa ƙafa uku ke ƙasa, ta huɗun saura ƙiris ta taɓa. Babu gidan da za ka shiga a garin nan ba ka ga kwali a ninke ƙarƙashin ƙafar benci ko ta gado ba. In ka yi masa magana sai ya ce ƙasar garin ce a karkace, shi aikinsa ko da tef ɗin awo ka zo ba za ka kama shi ba.

Matarsa ce ke da rumfa a gindin dutsen, tana sayar wa baƙi ruwan sanyi da lemo da biskit. Mai Rumfa muke ce mata. Da rumfar nan ake ci a gidansu, da ita aka sa yara huɗu a makaranta, kowa ya san haka har shi kafintan. Teburin da take jera kaya shi ya yi mata tun suna sabon aure, kuma tun ran nan yake rawa. Ta ninke kwali ta tura, ruwan ƙanƙara ya jiƙa shi ya lotse, gobe ta nemi wani. Daga nesa kana jin kwalabe suna ƙaurau-ƙaurau, ka san ta fito.

Ran Litinin tsohon Hedimasta ya tara mu a rumfar, yana ɗaga wata takarda. Shekara bakwai yana rubuta wa ma'aikatar da ke kula da irin waɗannan wurare, sai yanzu suka amsa. Za su aiko masaniyar duwatsu ran Alhamis. In ta gani ta gamsu, za a sa Rausayau a rajista, a gyara hanya, a kafa allo. In ba ta gamsu ba, masu fasa dutse da suka daɗe suna zagaya tudun nan za su samu takardarsu, su kwashe komai har inda rumfar take.

Aka raba aiki. Wasu shara, wasu sassabe, ni hotuna. Saura-Ƙiris ya yi gyaran murya.

"Ni fa, Hedimasta?"

"Kai ka huta, Allah ya saka."

"In huta? Mace mai ilimi za ta taso takanas ta tarar da dutse yana girgiɗi, ku ba ku ji kunya ba? Ai gani ɗaya za ta yi ta ce garin nan babu ma'aikaci."

Makanike, ƙanin Mai Rumfa, wanda ba ya raga masa ko a gaban wa, ya ce, "Mijin Yaya, ka fara da teburin Yaya tukuna."

Aka kwashe da dariya aka watse. Babu wanda ya ɗauka da gaske yake, kuma nan muka yi kuskure.

Talata da sassafe Saura-Ƙiris ya shiga shagonsa, ya tsinto guntayen katako uku, ya haɗe su da gam, ya feƙe baki ɗaya, ya zama weji, irin wanda ake cusawa don a hana abu motsi. Ya hau tudu, ya tura Rausayau, yana sunkuyawa ya cusa wejin a ƙasa, ya bi shi da guduma sau bakwai. Shi ya ƙirga, ba ni ba.

Ƙarfe tara wata mota ta tsaya, wani magidanci ya fito da iyalinsa. Na gyara kyamara na ce, "Alhaji, tafin hannu ɗaya kawai, ka kalle ni ka yi murmushi." Ya tura, shiru. Na ce ya ɗan ƙara. Ya sa hannu biyu, ya sa kafaɗa, hularsa ta faɗi, jijiyar wuyansa ta fito. Matarsa ta ce, "Wannan ne muka yi awa biyu a mota dominsa? Ai katangar gidanmu ma haka take yi." Suka koma mota, ko ruwa ba su saya ba.

Sai ga Saura-Ƙiris ya ɓullo daga bayan dutsen, guduma a kafaɗa, baki har kunne.

"Ya ka gani, Mai Hoto? Ko gezau!"

Nan take Mai Rumfa ta hauro. Ta durƙusa, ta leƙa, ta daɗe tana kallon wutsiyar katakon da ta leƙo, sannan ta miƙe.

"Maigida, me ka yi?"

"Gyara."

"Shekara ashirin ina roƙonka ka gyara mini tebur, ba ka tashi gyara ba sai a kan abin da muke ci da shi?"

"Uwar yara, ba za ki gane ba. Wannan aikin injiniyoyi ne."

Labari ya isa gari kan ka ce kwabo. Hedimasta ya iso yana haki, ya tura dutsen da hannu, ya tura da sanda, ya zauna a bencin rumfa don ya huce, bencin ya karkata da shi, ya tashi.

"Cire shi. Yanzu-yanzu."

"Wai ku da gaske kun fi son sa yana rawa?"

"Rawar ake zuwa gani, bawan Allah!"

"To, minti biyu ne. Ni na sa, ni zan cire."

Ya kama wutsiyar wejin da filaya ya ja, wutsiyar ta karye ta bar sauran a ciki. Ya ce dama ya san za a yi haka, sai an sa wani a gefe ya ɗauke nauyin. Ya sauka ya feƙo na biyu, ya buga. Na biyun ya shige, ya kuma tura na farkon can ciki inda yatsa ba ya kai. Ran nan mota huɗu ta zo ta juya, Mai Rumfa ta koma gida da ƙanƙararta ta zama ruwa.

Laraba ya zo da sabuwar dabara. Ya lallashi Makanike ya ba shi galan guda na baƙin mai, wai in wejin ya sha mai da kansa zai sulɓo. Makanike ya ce ya ɗiga kaɗan. Shi kuwa ya tuttule galan ɗin duka, man ya malale falalen dutsen ya gangara. Daidai nan Hedimasta ya hauro cikin farar riga don ya ga inda aka kwana. Taku biyu ya yi, ƙafafunsa suka yi gaba suka bar shi, ya zauna daɓas, ya sulale har bakin rumfa yana salati. Na tafi in taimake shi, na bi bayansa ta hanya ɗaya, kyamara a sama. Ban ji ciwo ba, amma wandon nan har yau ban sake sa shi ba.

"Kun gani ko?" in ji Saura-Ƙiris daga sama. "Man yana aiki."

Daga nan ya buga wata doguwar ƙusa a gindin weji na biyu, ya lanƙwasa ta, ya ɗaura igiya, ya ce Makanike ya kawo a-kori-kurarsa a ja. Makanike ya ce shi dai don Yaya zai yi. Ya ba mota wuta, igiya ta miƙe, Saura-Ƙiris yana ɗaga hannu yana ihu, "Ƙara! Ƙara!" Ƙusar ta fito fit, da ɗan guntun katako wanda bai fi tsinken sakace ba, motar kuwa ta yi tsalle ta tunkuyi duron ruwan Mai Rumfa ta kifar da shi.

Saura-Ƙiris ya tsaya yana sosa ƙeya, can ya ce, "Saura dabara ɗaya. Tunda katako ne, kuma ga mai, a sa masa wuta."

Mai Rumfa ta ce, "Ka ƙyasta ashana a wurin nan, ka nemi gidan da za ka riƙa cin abinci."

Ita da maƙwabtanta suka yini suna wanke falalen da omo, bokiti bayan bokiti, ruwan yana kwarara har ƙarƙashin Rausayau. Ba ta sake ce wa mijin uffan ba, kuma wannan ya fi damunsa fiye da faɗan.

Da la'asar sai ga shi a shagona, ya ja ni gefe.

"Mai Hoto, in kana zaune a mota, ta kusa da ku ta motsa, ba kakan ji kamar taku ce ke tafiya ba?"

"Ana yin haka."

"To, tunda dutse ya ƙi motsi, sai a motsa baƙuwar."

Wai zai yi ɗan dandamali na katako da za a hau a tura dutsen, ya rage ƙafa ɗaya da gangan. Tana hawa ta dafa, dandamali ya yi gaba ya yi baya, ita kuma ta ɗauka dutsen ne. Allah ya gani na so in hana shi, amma da na tuna wanda zai yi aikin sai na ga karo na farko an samu aikin da ya dace da hannunsa. Muka faɗa wa Hedimasta, ya rufe ido ya ce shi bai ji ba bai gani ba, amma a shimfiɗa zanen tebur a kai don ya yi kyan gani.

Alhamis da hantsi aka ɗauko dandamali aka ajiye gaban dutsen. Falalen yana da ɗan tudu a wurin, gajeriyar ƙafar ta sauka a kansa cif. Makanike ya hau, ya yi tsalle, ya taka gefe, ya taka tsakiya. Dandamalin nan ya tsaya ƙyam.

"Barka, mijin Yaya," in ji shi. "Yau ka zama kafinta."

Saura-Ƙiris ya ja shi dama, ya ja shi hagu, ko'ina aka ajiye shi sai ya zauna daram. Gumi ya karyo masa. Sai ga ƙarar mota daga ƙasa. Ya dube mu, ya ɗaga zanen tebur, ya rarrafa ya shige ƙarƙashi.

Masaniyar duwatsun, wadda muka riƙa ce wa Dakta, 'yar ƙaramar mace ce mai takalmin kambas da malafa, da ɗan littafi, da 'yar guduma a ɗamara. Rabin gari ya biyo ta. Ta zagaya dutsen sau biyu tana kallo, fuskarta cike da jin daɗi, ta ce ta ga hotunansa amma ba ta zaci ya kai haka ba. Hedimasta ya nuna mata dandamali.

"Ta nan ake hawa, ranki ya daɗe."

Ta hau, ta dafa dutsen, ta tura. Dandamali ya ɗago ta gefe ɗaya, ya sauka, ya ɗago ta ɗaya gefen. Ta tsaya tsit, ta dubi dutsen, ta dubi ƙafafunta.

"Dutsen dai bai motsa ba," ta ce. "Amma katakon nan naku nishi yake yi."

Ta sauko ta ɗaga zanen. Ga Saura-Ƙiris a durƙushe, gadon baya a manne da katako, hula a baki.

Ya cire hular ya ce, "Sannu da zuwa, Dakta. Ƙusoshi nake dubawa."

Wasu suka yi dariya, ni ban iya ba. Dakta ta shinshina iska, ta durƙusa, ta haska tocila ƙarƙashin dutsen.

"Wa ya sa katako a nan?"

Duk idanun garin wuri ɗaya suka juya. Da ya ga ba mafita sai borin kunya ya motsa. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya bugi ƙirji.

"Ni ne. Dutse shekara da shekaru yana barazanar faɗowa kan jama'a, ni kaɗai na tsayar da shi."

"Malam, ba faɗowa zai yi ba," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ruwa da iska ne suka yi dubban shekaru suna cin gefensa, har nauyinsa duka ya tattaru a ɗan wurin nan. Motsin nan shi aka aiko ni in gani. Dutse a kan dutse kuwa, ko'ina akwai shi."

Hedimasta ya ce ko za a kawo injin ɗaga kaya. Ta girgiza kai, ta ce in aka ɗaga shi ya gusa ko da faɗin yatsa ne, ƙila ba zai sake rausayawa ba har abada. Ta ce ta yi baƙin ciki, amma ba za ta rubuta abin da ba ta gani ba. Ta rufe littafinta.

Na juya na ga Mai Rumfa ta fara sauke kwalabe daga tebur tana jerawa a kwali, ɗaya bayan ɗaya. Tausayinta ya kama ni sosai, har na ji haushin kaina da na biye wa maganar dandamali. Tana cikin jerawa sai ta tsaya da kwalba a hannu, ta ɗago kai.

"Maigida, da wane katako ka yi wejin nan?"

"Guntaye uku na haɗa da gam. Irin haɗin da na yi wa kujerar Hedimasta."

"Kujerar da ta kwana uku ta watse da ni?" in ji Hedimasta.

Mai Rumfa ta lanƙwasa yatsu tana motsa baki: Talata, Laraba, Alhamis. Ta mayar da kwalbar kan tebur, ta fito da sauran ma, ta goge benci da gefen zaninta.

"Dakta, don Allah zauna ki sha lemo. Kar ki yi sauri. Zauna ta tsakiya, gefen nan yana ɗagawa."

"Me za mu jira?" in ji Dakta.

"Aikin mijina. Na san shi shekara ashirin, bai taɓa ba ni kunya ba."

Saura-Ƙiris ya fara murmushi, can maganar ta isa inda aka aike ta, murmushin ya ɗauke.

"Uwar yara, a gaban baƙuwa? Wejin nan sai ya shekara ɗari! Jikokin jikokinmu za su zo su same shi! Duk mai shakka ya zo ya tura!"

Ai kuwa ba a jira ya maimaita ba. Makanike, da ni, da masu shara, har Hedimasta, muka taru muka danna da duk haushin kwana uku. Dutse ya ƙi. Muka sake, ya ƙi. Muka ja baya muna haki, shi kuwa ya ƙyalƙyale da dariya, ya juya ya jingina bayansa da dutsen, ya harɗe hannu a ƙirji.

"Ku faɗa wa Dakta sunana ta rubuta. In-ji-ni..."

Wani abu ya yi "ƙas" a ƙasa. Sai "ɓurus". Gam ɗin da ya sha mai ya sha ruwan omo ya saki, guntayen suka rabu, wasu suka niƙe, wasu suka fito ta gefe. Sai muka ji ƙarar nan da muka yi kwana uku muna kewa, "gurrum". Rausayau ya sunkuya baya, Saura-Ƙiris ya bi shi, dutsen ya dawo ya tunkuɗe shi a gadon baya. Ƙafarsa ta sami ɗan sauran man da omo bai ci ba, ya bi hanyar da ni da Hedimasta muka buɗe, bai tsaya ba sai gaban takalmin matarsa.

Wurin ya kaure da ihu da tafi. Dakta ta ajiye lemo ta haura da gudu, ta tura da tafin hannu, ta tura da yatsa biyu, ta auna, ta sa ni na ɗauki hoto ya fi talatin, ta cika shafi uku. Da za ta tafi ta ce za a sa shi a rajista, amma a kewaye gindin da shinge kada a sake cusa masa komai. Saura-Ƙiris daga zaune ya ɗaga yatsa.

"Na ƙarfe," in ji Hedimasta da sauri. "Mai walda zai yi."

Da jama'a suka ragu, Mai Rumfa ta haura ta tsinto wani guntun wejin da dutsen ya danne ya zama fale-fale. Ta goge man da tsumma, ta juya shi a hannu, ta durƙusa ta zare jiƙaƙƙen kwalin da ke ƙarƙashin ƙafar teburinta, ta tura guntun a wurin. Ya shiga cif. Ta girgiza teburin, ta danna gefe, ta danna ɗaya gefen. Ko kwalba ɗaya ba ta yi ƙara ba.

Ta daɗe tana dafe da teburin, sannan ta dubi mijinta da ke zaune a ƙasa, riga duk baƙin mai, ya kasa haɗa ido da kowa.

"Maigida, ka gyara mini tebur. Na gode."

Ya ɗago kai a hankali. Ya rarrafo, ya leƙa ƙafar teburin, ya taɓa, ya girgiza da kansa. Na ga ƙirjinsa yana dawowa wurinsa kaɗan-kaɗan.

"Ai dama," ya ce, "nauyin da zai danne shi daidai nake nema tun shekarun nan. A garin nan kaf dutsen can kaɗai ke da shi."

Makanike ya buɗe baki, Yayarsa ta harare shi ya rufe. Ta ɗauko lemo mai sanyi ta buɗe, ta ajiye wa mijin a can ƙarshen teburin, inda shekara ashirin ba ta taɓa yarda ta ajiye buɗaɗɗiyar kwalba ba. Gudumarsa kuwa ta ɗauke ta ta sa a ƙasan kwalin biskit, ta zauna a kai.